Bindigar Mista Tackett

"Karɓi mana, ɗana," in ji Mista Tackett, yana miƙo min bindigar da kubenta. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, ɗaya hannun yana dafe da ƙirji.

Muna cikin a-kori-kurata a harabar asibitin garinmu, rana tsaka, taku ashirin tsakaninmu da ƙofa. Ni na kwaso shi daga bakin shingen da ya raba gidajenmu, inda na tarar da shi durƙushe. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, tun rasuwar matarsa nake yanke masa ciyawa, yana aiko min da gasasshen naman shanu ranar Lahadi. Tun da jihar Texas ta halatta wa masu lasisi rataya ƙaramar bindiga a fili, ban sake ganin ƙugunsa ba ita ba. Bai taɓa harbin ko kare ba. Doka kawai yake so, ya haddace ta har da lambobinta, ya ishi kowa da ita a shagon aski.

Ga allo nan a jikin ƙofar asibitin, an rubuta ba a shiga da bindiga. Ya rantse shekararsa saba'in da tara bai taka doka ba, ba kuwa yau zai fara ba. Ya ce in riƙe masa, ya shiga.

Ni kuwa hannuna ya ƙi tashi daga sitiyari. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a layinmu ba. Ina saurayi na yi shekara huɗu a gidan yari a kan fasa shago. Mai irin tarihina in aka kama shi da bindiga a titi, komawa zai yi. Kunya da tsoro suka rufe ni, na rasa wanda ya fi.

Na ce ya jefa ta ƙarƙashin kujera kawai. Ya ce ba ya barin bindiga mai harsashi ba mai tsaro, kuma me ya same ni yau? Leɓensa ya fara yin toka-toka. Sai na faɗa masa gaskiya, a gurguje, idona a kan gilashi.

Na ɗauka zai zage ni. Sai ya janye bindigar a hankali ya mayar ƙugu.

"To kar ka kuskura ka taɓa ta, Wendell. Ko a motarka na bar ta, taka ce a wurin doka. Ba zan mayar da kai can ba."

Na roƙe shi, na ce na janye maganata, ya ba ni, kome zai faru ya faru. Ya ƙi. Wai in nemo ɗan sanda ya karɓa a hukumance.

Na ruga wajen maigadi. Ya ce shi ba a ba shi izinin ajiye makamin kowa ba, amma bari ya tambayi shugabansa. Shugaban ya ce a waya a tambayi ofishin 'yan sanda. Matar da ta ɗauka a can ta ce ita dai a saninta laifi ne shiga da ita, ajiyewa a mota kuma ya danganta. Na ce ya danganta da me? Ta ce za ta turo motar 'yan sanda. Ina tsaye da waya a kunne, kaina ya ɗaure, har na manta abin da ya kawo mu. Minti nawa aka yi, har yau ban sani ba. Wani lokaci in ce biyar, wani lokaci in ce ashirin.

Da na koma, kansa ya faɗi jikin taga. Ihuna ne ya fito da ma'aikata. Suka ɗora shi a gadon turawa suka wuce da shi ta gaban allon nan a guje, bindigar na lilo a ƙugunsa, ba wanda ya ko kalle ta. Ni da na biyo baya maigadin ya tare ni, ya ce in ajiye 'yar wuƙar aljihuna a kwando. Na ajiye.

Bayan kamar awa guda wata nas ta fito. Ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu. Na tambaye ta da an shigo da shi da wuri fa? Ta ce ba wanda zai iya sani. 'Yarsa Lorene tana hanya daga garin Lubbock, sai yamma za ta iso.

"Kai ne maƙwabcin, ko? Wannan ba mu san yadda za mu yi da ita ba."

Ta miƙo min farar leda. Ɗamararsa ce a naɗe a ciki, da kuben, da abin da ke cikinsa. Na mayar da hannuwana baya na haɗe su. Ta ci gaba da riƙe ledar a tsakaninmu, tana jira.