Fayilolin da Sharif Ya Bari

...kuma ma'ajiyar kwamfutar ta cika, shi ya sa manhajar ta tsaya. Masu kiwon kifi a Tagwai tun safe ba su ga awon ruwansu ba. Oga Alfa ya leƙo: "Mubina, in ba za ki iya ba, na ba Yona." Zan iya. Wa ya san yadda kake rubuta manhaja kamar ni, Sharif? Tebur ɗaya a ofis, ɗaki ɗaya a gida.

Satin farko bayan takaba, wannan aka miƙo mini.

Ga su jere. Fayilolin wucin gadi, kowanne ya fara da sunanka, sai haruffan da kwamfuta ta ga dama ta liƙa. Ka buɗe fayil, ka yi lissafi a ciki, sharewa sai a layin ƙarshe. Wuta kuwa ba ta jiran layin ƙarshe. Duk ɗaukewa, ɗaya ya rage.

Na faɗa maka... kana cin doya da miyar gyaɗa a kan madannai, kana dariya. "Madam C, gobe." Harshen C da muke rubuta manhaja da shi ba ya share wa kowa bayansa, ni na koya maka haka. Goben nan ce ka hau hanyar Zungeru, ba ka dawo da rai ba.

Ba komai a cikinsu. Na buɗe. Zafin ruwa, yawan iska, rabin lamba da ta yanke a tsakiya. Me nake nema?

Kwanan watan ne. Wannan — ranar da aka kai ka. Wannan ina zaune kan tabarma, mata na shiga suna fita. Wannan jiya. Kai ba ka nan, abin yana ta rubuta sunanka, ba wanda ya gaya masa.

Gyaran layi ɗaya ne. A buɗe fayil da umarnin mkstemp, nan take a cire sunansa da umarnin unlink. Yana nan, ana aiki da shi muddin manhaja na riƙe da shi, amma ba mai ganinsa. Ta mutu, ya tafi. Tsaf.

Na rubuta. Yatsuna ba su yi shawara da ni ba.

Gwaji... na zare wayar wuta daga bango, na mayar. Ina kallon allo. Babu sabo. Na sake zarewa. Babu.

Ya yi aiki. Yona na ɗaga mini babban yatsa daga kujerarka, har da murmushi.

To, saura tsofaffin. Sai sun fita manhajar ta samu wurin numfashi, kifin mutane ne, abincin 'ya'yansu. Na sani. Na ba da umarnin sharewa, allo na tambaya: e ko a'a?

Ashe fayil na ƙarshe mai sunanka na jiya ne. Ina gida ina wanke kofi ɗaya, wuta ta ɗauke, har na yi tsaki... ban san shi ke nan ba.

Alamar rubutu tana ƙiftawa a allo. Yatsana na kan e, ban danna ba tukuna, Sharif.