Kwanon Rufin Bara'atu

"Taka a hankali, Mai unguwa, ba tsere na sa ka ba," in ji Iya Kellu daga kan tabarma. "Daga bakin rijiya zuwa katanga."

Sagiru na tsaye a bakin zaure da fartanya a kafaɗa, daga gona aka kirawo shi. Mai unguwa ya taka tsakar gidan tsaf, ya ce ɗakin kudu da ɗan filinsa ba su kai kashi ɗaya cikin uku na gidan ba, don haka wasiyya ta halatta. Tsohuwar ta yi dogon tari, sannan ta ce kowa ya shaida: bayan ranta, ɗakin na Bara'atu ne.

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjin Sagiru. Shekara biyu ke nan da rabuwarsu da Bara'atu. Alƙali a Gaya ya bar mata renon 'yarsu Zuhra, shi kuma ya ɗora masa ci da sutura. Da a ce ta koma gidansu a Gafasa, da ganin 'yarsa sai daga salla zuwa salla. Iya Kellu, maƙwabciyarsa ta katanga ɗaya a nan Toranke, ita ta tare kurar kayan Bara'atu a hanya ta ce a sauke a ɗakinta. Ba dangin iya, ba na baba. Tun daga ranar, kullum da yamma Zuhra kan zagayo ta ci tuwo da ubanta. Shi ya sa da ciwon tsohuwa ya tsananta, tsoro ya kama shi: magada su raba gida, uwa ta tafi, 'ya ta bi ta.

"Allah ya saka da alheri, Iya."

"Riƙe godiyarka, ɗan nan. Matso." Ta kama bakin rigarsa da hannun da ya zama ƙashi zalla. "Ɗakin nan yoyo yake. Ina kwanon rufin uwar Zuhra?"

Sagiru ya sunkuyar da kai. Kwano goma sha biyu ne, Bara'atu ta saya da cinikin ƙuli-ƙuli aka rufe ɗakin aurensu. Wace mace ce take tara shaidu don za ta miƙa wa mijinta abu? Da suka rabu, Sagiru ya ce kwanon nasa ne. Da aka zo rantsuwa a kotu, ta ce ta haƙura, ba za ta sa uban 'yarta ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba.

"Iya, ai alƙali ya riga ya yanke."

"Alƙali bai gani ba. Ni na gani, aka ce shaidar tsohuwa ɗaya ba ta isa ba. To kai fa? Kai ma ba ka gani ba?"

Kunya ta rufe shi a gaban Mai unguwa, kuma ya cancanta. Tsohuwar nan ko da lafiyarta ba ta iya kwana-kwana ba, balle yanzu da take sauri.

Washegari mutanen unguwa suka ga Sagiru a saman ɗakinsa yana zare ƙusa, ga damina ta kankama. Masu dariya suka yi ta yi. Kwana biyu yana jigilar kwanon zuwa ɗakin kudu yana bugawa, Iya Kellu kuwa ta hana a mayar da ita ɗaki, wai tana son jin ƙarar guduma.

Ranar Alhamis da hantsi, saura kwano biyu, Bara'atu ta tsaya a gindin tsani. Rabon da ta yi masa magana kai tsaye tun a kotu.

"Baban Zuhra, sauko. Iya ta cika."

Bayan azahar aka kai ta. Suna dawowa daga maƙabarta hadari ya haɗo daga gabas. Masu zaman makoki na shimfiɗa tabarmi, Sagiru ya wuce su da ƙasar kabari a gwiwoyinsa, ya hau ya ƙarasa bugun yana share hawaye da kafaɗa.

Da ruwa ya sauko, yana zaune a zaurensa, ɗakinsa a buɗe yana cika. Bai tashi kwashe komai ba. Daga bayan katanga yana jiyo ruwan na dukan kwano.