Kejin Tsohuwa

Uwar Birai ake ce mata a gidan namun dajin, don shekara goma sha tara ta yi tana share kejin birai. Ranar da abin ya faru ba a buɗe wa 'yan kallo ba, shi ya sa babu kowa a ɓangarenta.

Keji na ƙarshe na Tsohuwa ne, wata gwaggon biri da ta taɓa yage wa wani ma'aikaci hannu. Tun da mijinta ya mutu take zaune ita kaɗai, sai kwanan nan aka sako mata wani ɗan jan biri mai suna Guntu, saboda ana gyaran nasa kejin. Kowa ya ce ba zai kwana biyu da rai ba. Sai ga shi kullum yana bayanta yana tsince mata ƙuma, ita kuma ta lumshe ido.

Uwar Birai ta zuba musu abinci a ɗakin ciki, suka shige, ta ja ƙofar, ta shiga kejin da tsintsiya da bokiti. Iska ta turo ƙyauren waje, sakata ta faɗa, ƙwas! Daga waje kawai ake buɗe ta, wayarta kuma tana can kan benci. Da ta waiga, sai ta ga ƙofar ɗakin ciki ba ta kama ba. Tsohuwa na tsaye a bakinta.

Uwar Birai ta tsaya cak. Ta san dokar: ba gudu, ba haɗa ido. Ta sulale ta zauna a kan jiƙaƙƙen siminti, ta sunkuyar da kai. Taku shida ne faɗin kejin. Sau dubbai ta share shi, ba ta taɓa sanin ƙanƙantarsa ba sai yau.

Guntu ne ya fara zuwa. Ya ɗare kafaɗarta, ya fizge ɗankwali ya yar, ya shiga bin layin kitsonta da 'yan yatsunsa masu sanyi. Sannan ta ji numfashin Tsohuwa a ƙeyarta. Babban hannu ya kama mata kunne, ya juya kanta kamar mai duba kaya a kasuwa, ya fara tsefe furfurarta a hankali.

Can Tsohuwa ta zagayo, ta zauna a gabanta, ta ba ta baya. Ta jira. Da ta ji shiru sai ta waiwayo ta ɗan buɗe haƙora.

"To, na ji, ranki ya daɗe," in ji Uwar Birai.

Ta sa hannu cikin gashin mai kaushi, tana buɗawa tana tsintar ɓawon gyaɗa da ƙasa. Duk sa'ad da ta tsaya, Tsohuwa ta yi gurnani. Ƙafafunta suka mutu, rana ta juyo ta cika kejin, fitsari ya matse ta.

Sun haura awa guda a haka kafin likitan dabbobi ya biyo ta wurin. Ya ruga, ya dawo da bindigar allurar barci.

"Inna, kada ki motsa!"

"Ina zan motsa in je, Likita? Sauke abin nan. In ka harbe ta, kafin ta yi barci ta gama da ni."

"To ya za a yi?"

"Zare sakatar, ka koma gefe. Sai ta sallame ni."

Sai da Tsohuwa ta gaji don kanta ta miƙe, Guntu ya bi ta. Uwar Birai ta fito da rarrafe, kai ba ɗankwali, rabin kitso a warware. Likita ya cire rigarsa ta aiki ya rufa mata.

Washegari manaja ya kira ta ofis. Ya ce sakaci ne, an mayar da ita ɓangaren tsuntsaye. An kuma gama gyara, yau Guntu zai koma kejinsa.

"Yallaɓai, ni a kai ni ko'ina. Amma su a bar su tare."

"Kowane iri da kejinsa, Inna. Haka tsarin yake."

Daga wurin tsuntsaye ana hango kejin ƙarshe. Kafin sati biyu da ɗauke Guntu, Tsohuwa ta tsige gashin hannunta na hagu har fata ta fito. Likita ya rubuta mata man shafawa.