Ranar da Aka Gyara Hanyar Pasirkadu

Hanyar Pasirkadu, in za a faɗi gaskiya, ramuka ce aka jera da duwatsu a tsakani. Tun daga kasuwar gindin dutse take hawa, ta ratsa gonakin shayi tana lanƙwasa, ba ta isa ƙauyen sai ta kwance wa mutum duk wata gaɓa ta jikinsa. Motar da ke kwasar kabeji sau biyu take zuwa a mako, direbanta kuwa ba ya isowa sai ya gama zagin kakannin kowa. Shekara goma sha ɗaya Oding, wanda ake kira Abah, wato Baba, yana mai unguwa, kuma duk taron da ya je a gunduma sai ya miƙe ya yi maganar hanyar nan, har ta kai da an ga ya ɗaga hannu sai a fara tattara takardu.

Shi a ransa hanyar ce ta raba shi da 'yarsa. Nenden ta tafi birnin Bandung karatu, ta samu aiki, yau shekara uku rabonta da gida. Ko da sallah sai dai iyayen su gangara su same ta. Kullum uzurinta aiki, Oding kuwa bai taɓa yarda ba. Yarinyar da ta saba da kwalta, me zai sa ta zo ta karya ƙugunta a bayan babur? Yana kewarta ƙwarai da gaske, amma ba mutum ne da zai buɗe baki ya faɗa ba, sai dai ya huce a kan hanya.

Kwatsam sai Nenden ta kira uwarta Ema Ecin, wato Inna Ecin, ta ce tana tafe nan da mako uku, ranar Lahadi, ita da abokanta goma sha biyu na ƙungiyar masu hawan keke, kuma a kan kekuna za su hawo tun daga kasuwa. Ta ce ta daɗe tana ba su labarin hanyar garinsu, kowa ya matsu ya gani da idonsa.

Oding na jin haka ya nemi wuri ya zauna. Wato abin kunyar har ya kai birni, yanzu za a zo da wayoyi a ɗauke shi hoto. Ecin ta ce ita dai muryar yarinyar ba ta yi mata kama da ta mai jin kunya ba, ya kira ta mana ya ji. Ya ce shi ba ya tambayar 'yar cikinsa abin da idonsa ke gani.

Ana idar da sallar Juma'a ya karɓi lasifika ya kira gayya. A Pasirkadu ba a ƙin gayya, don wanda ya ƙi fita, ranar da rufin gidansa ya yaye shi kaɗai zai hau. Washegari maza suka fito da diga da fartanya, mata da kwanduna suna ɗebo yashi daga rafi, tsofaffi suna dafa kofi suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Mang Kosim, wato Kawu Kosim, abokin Oding tun na ƙuruciya kuma abokin gardamarsa, ya ce shekara goma sha ɗaya hanyar nan ta gagari hukuma, ashe masu keke ake jira. Duk da bakinsa, shi ya lallaɓo surukinsa mai tuƙa motar daddanne ƙasa a gonar shayi, ya zo ya bi hanyar sau uku.

Ɗaya bayan ɗaya aka tone duwatsun aka tura su kwari. A kwanar ƙarshe kafin masallaci akwai wani baƙin dutse mai doro, wanda Nenden ta faɗi a kansa tana 'yar shekara takwas, ranar da Oding ke koya mata keke yana riƙe da sirdi, ya sake ta ba ta sani ba. Haƙorinta na gaba ya ɓantare, har yau da alamar. Ƙarti huɗu suka ciro shi. Kosim ya ce a mirgina shi ya bi 'yan'uwansa, Oding ya ce a'a, a kai masa ƙofar gida, wai zai riƙa zama a kai yana cire takalmi. Kowa dai ya san zancen.

Ranar Lahadi hanya ta yi sumul, ko ƙwai aka ɗora a kai sai ya gangara kasuwa lafiya. An kafa ƙofar maraba da bishiyoyin ayaba biyu, Oding ya sa rigarsa ta zuwa gunduma da baƙar hula, yana ta kai da kawo. Nenden ta riga ta ce a waya hawan zai ci su awa huɗu, sai azahar za su iso. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga su, shinkafa ko tafasa ba ta yi ba. Kekunansu masu kaurin taya ne, kawunan a lanƙwashe kamar ƙahon rago, kayan jikinsu kuwa sun ɗame su har tsofaffin mata suka koma kallon ƙasa. Ko ɗigon laka babu a jikin kowa. Shugabansu, wani dogo mai suna Galih, yana sauka ya duba wata 'yar na'ura a kan kekensa, ya tambaya cikin ladabi ko ɓatan hanya suka yi.

Nenden ce ta iso a ƙarshe. Ta kama hannun ubanta ta kai goshinta, irin gaisuwarsu ta girmamawa, sannan ta waiwaya ta dubi inda ta fito.

"Abah, ina hanyar?"

"Ga ta nan, Neng," in ji shi, da sunan lelen da yake kiranta, "ai a kanta kika zo."

"Wannan ba ita ba ce."

Galih ne ya yi bayani, yana yi yana ba da haƙuri. Ya ce su dama munanan hanyoyi suke nema, don kwalta kam sun baro ta a Bandung. Kekunan nan domin tsakuwa da laka aka ƙera su. Shekara biyu Nenden tana cika musu baki cewa duk yankin babu hawan da ya kai na garinsu wuya, har sun sa masa suna a taswirarsu, Haƙorin Nenden. Wasu sun taho da tayoyin canji, wasu da maganin ciwo, akwai ma wanda ya bar wa matarsa wasiyya, ko da yake da wasa.

Kosim ya matso yana sosa ƙeya.

"Tsaya in gane, ɗan nan. Kun baro gidajenku da sassafe kun zo neman wahala, mu kuma mun kwashe ta mun zubar a kwari?"

Galih ya ce haka ne, Mang. Kosim ya yi dariya har ya dafa bishiyar ayabar maraba, ita kuma da ma ba ta da saiwa, suka tafi ƙasa tare.

Oding bai ji dariyar ba, fuskar 'yarsa yake kallo. Ta koma ta tsaya a bayan abokanta tana wasa da birki. Tsoro ya kama shi, tsoron cewa yau in ta juya sai kuma wata shekara ukun. Baƙi na zama cin shinkafa da busasshen kifi da yaji, ya sulale masallaci ya kama lasifika, ya kira gayyar da ba a taɓa kiran irinta ba tun da aka kafa Pasirkadu: kowa ya fito a hauro da duwatsu daga kwari, a mayar da kowanne inda yake.

Maza suka fito, har wasu sun saɓa diga, don gayya gayya ce. A bakin hanya suka tarar da mata sun yi sahu, Ecin a gaba da ludayin miya a hannu.

"Shekara talatin ina goya kabeji a kan hanyar nan," in ji ta. "Shekaranjiya mota ta zo har ƙofar gida, direban har gaishe ni ya yi. Duk wanda ya taɓa min hanyar nan, ya nemi inda zai ci shinkafa yau, har da mai unguwar."

Nan take kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Oding ya ajiye lasifika ya dawo gida. Ya tarar da Nenden zaune a kan baƙin dutsen nan, ta cire takalmi, tana shafa doronsa da tafin hannu. Ta ce ashe ya ajiye shi. Ya fara maganar cire takalmi, ta dube shi, ya bar zancen.

"So na yi ka gan ni na hawo ta tun daga kasuwa ban sauke ƙafa ba, Abah. Shekara biyu nake koyo. Na ce ba zan zo ba sai na iya."

"Ni kuma na zaci ita ta hana ki zuwa."

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta, haƙorin nan ya fito. Can ta tambaye shi ko gyaran zai daɗe. A nan kam an zo fagensa. Ya ce ina, ai ba siminti, ƙasa ce da yashi, da damina ta kankama wata biyu ya isa ramukan su buɗe baki. Ta ce to a saurare ta a watan Janairu, tsakiyar daminarsu.

Baƙi suka gangara da la'asar, suna ta yabon yajin Ecin. Ruwan farko ya sauka bayan mako shida. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsaki in ya ga hadari, yanzu shi ne mai tsayawa a baranda yana kallon ruwa na bin hanya, fuskarsa a sake. Ecin ta lura, ta taɓe baki kawai, amma ta fara shanya 'ya'yan kofin da Nenden ta fi so.

Wata safiya Kosim ya hango wani ɗan rami a kwanar ƙarshe, bai fi kwanon sha ba. Ya ɗebo yashi a kwando ya zo zai cike shi, sai ya tarar da mai unguwa a tsaye a kansa da lema, yana ɗaukarsa hoto da wayar matarsa.

"Bar shi, Kosim," in ji Oding. "Akwai mai shi."