Injin Kwaɓin Dogo

Ranar da Dogo mai fiza ya hawo benenmu yana haki, ko kujera ban ba shi ba. In faɗi gaskiya, ban taɓa ƙaunar shagonsa ba. Yana ƙasan gidan da muke haya, daidai ƙarƙashin tagarmu, duk zanen da na shanya sai ya dawo yana warin cuku da hayaƙin tanderu. Ita kanta fizar ban ga abin so a jikinta ba. Burodi ne aka hana shi tashi, aka shafe masa fuska da tumatir, amma mutane na yin layi a kai kamar ana rabon gado.

"Mama, ina kwana? Baba Injiniya na nan?"

"Ina zai je?" na ce.

Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mijina a bakin shagonsa. Shekara talatin da bakwai Malam yana gyaran injuna: na niƙa, na wanki, na ban ruwa, duk abin da ke juyawa da wuta. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Bakin ma ya dawo, har da ƙari. Hannun dama ne ya ƙi, yana kwance a cinyarsa, yatsun a dunƙule. Likitar gashin ƙashi ta ba shi wata jar ƙwallon roba, ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Kwana biyu ta yi a gidan ya wurgar da ita ta taga da hannun hagu.

"Ni za a ba abin wasan jarirai?"

Daga nan ya juya wa duniya baya. Ya sa na tura akwatin kayan aikinsa bayan kabad don kada idonsa ya faɗa kai. Likitar ta ja ni gefe ta ce idan bai motsa hannun nan a watannin nan ba zai sandare, shi ke nan. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira 'ya'yanmu a waya suka yi nasu. Abin da ya fi hannun ba ni tsoro shi ne mutumin da kansa, ina kallo yana ƙarewa a kan katifa.

Dogo ya sunkuyar da kai ya shiga ɗakin, don ƙofarmu ba ta kai tsawonsa ba, ya tsuguna a gefen gado.

"Baba, injin kwaɓina ya mutu."

Na ga idon Malam ya motsa. "Me yake yi?"

"Ba ya yin komai. Shiru kawai."

"Sai ka kai wa masu hannu."

"Na kira wani, ya ce sai an yi odar wani abu daga nesa, kuma zai ɗau lokaci. Ni ba gyara na zo nema ba, Baba. Ni da Ƙarama ba ma iya gama kwaɓin safe da hannu. Taimako na zo nema."

Ƙarama matarsa ce. Sunan da unguwa ta sa mata ke nan, don da ƙyar kanta ke kai ƙirjinsa.

"Ba'a ka zo yi min har gida?" in ji Malam, yana ɗaga mataccen hannun da na hagu.

"Wane ni! Na hagun ma ya ishe mu. Hannu huɗu gare mu, na biyar muke nema."

Na buɗe baki zan kore shi, sai na ji Malam ya ce, "Ke, miƙo min sandata. In dai ga injin."

Matakala ashirin da biyu ce tsakaninmu da ƙasa, mun fi minti goma muna saukarta. Injin na kusurwar shagon, ƙato mai tumbi, an lulluɓe shi da tsohon zanen tebur. Malam ya janye zanen, ya zagaya, ya sunkuya ya shinshina bayansa. Ya daɗe yana kallon wani ɗan murfi mai noti huɗu a gefe. Sannan ya ɗago ya dubi Dogo, shi kuwa Dogo ya dubi silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Hmm," in ji Malam. "Lallai ya mutu."

Ƙarama ta jawo masa kujera mai tsawo gaban teburin, ta barbaɗa fulawa, ta ajiye masa curin kwaɓi.

"Baba, kwaɓi ba ya son ƙarfi, naci yake so. A tura da tushen tafi, a naɗo, a juya, a sake turawa."

Ba ta tambaye shi ba, ta ɗauki hannun damar ta ɗora a kan curin, ta ɗora na hagun a kansa. Ni da na yi haka da na sha zagi. Ita kuwa ya kalle ta kawai, ya tura.

Haka aka fara. Kullum ƙarfe bakwai muna kan matakala. Dogo na da wata doka a shagonsa: wanda ya kwaɓa shi zai buɗe kwaɓinsa, kuma da yatsu, ba a murzawa da katako. Shi yana jefa nasa sama yana caɓewa, ya fito zagayayye kamar faranti. Na Malam kuwa, Allah ya kyauta. Nan kauri, can huji, gefe guda ya yi tsawo. Na ɗauka kwandon shara za su, sai na ga Dogo ya shafa musu tumatir, ya zuba cuku bai rage hannu ba, ya tura su cikin tanderu da doguwar shebur ɗinsa ta katako.

Ashe tun da suka buɗe shagon, abin da ya fara fitowa daga tanderu ba sa sayarwa. Na masu sharar titi ne da ke hutawa a bakin shagon da ƙarfe goma, da maigadin asibitin unguwa idan ya tashi aiki, da wata tsohuwa mai ciwon ido a ƙarshen layi da ake aika wa nata a kwali. Shekara uku ina sama ina zagin hayaƙinsu ban sani ba.

Masu sharar nan ba su da kunya ko ta sisin kwabo. Babbarsu, wata mai wushirya, ta ɗaga fizar Malam ta farko ta juya ta.

"Wannan kuma takalmin waye aka gasa mana?"

"Na mijinki ne," in ji Malam. "Ci ki ba ni labari."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, bakin na ɗan karkacewa. Na juya na yi kamar ina gyara ɗankwali, don rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi. Daga ranar kullum sai sun ba shi maki. Yau kunnen giwa, gobe taswira, jibi sun ce an fara kama hanyar faranti. Malam ya riƙa kwana da maganarsu, ya tashi da ita. Wata biyu ana haka, babban yatsansa ya fara buɗewa. A na uku ya riƙe cokali.

A watan nan na uku ne na gano abin. Na shiga ɗakin ajiyarsu na baya zan ɗebo wa Ƙarama gishiri, na yi kuskuren gwangwani, na buɗe wani tsoho da ke can saman kanta. Babu gishiri a ciki, sai wani ɗan abu a naɗe cikin takarda. Shekara talatin da bakwai ina zazzage aljihun mai gyaran inji kafin wanki, ba za a nuna min fiyus ba, ɗan abin da in babu shi inji ba ya samun wuta. Na ɗaga shi a hasken taga, zaren cikinsa lafiya lau.

Ƙarama ta shigo ta same ni da shi a hannu. A ranar na lura da wuyan hannayenta da kyau. Duka biyun a ɗaure suke da bandeji, fulawa ta ɓoye shi.

"Injin nan lafiyarsa ƙalau," na ce.

Ta mayar da ƙofa. "Mama, ki rufa mana asiri."

"Buhu guda kuke kwaɓawa da hannu kullum! Kun haukace ne?"

"Ƙwallon da Baba ya jefo, a kan rumfarmu ta faɗo," in ji ta. "Ina ganinta na gane ta. Irinta aka ba mahaifiyata. Ita ma ta ƙi. Muka bar ta ta huta, komai mu yi mata, muna ganin gata muke mata. Har ta rasu hannun bai buɗe ba." Ta share ido da bayan bandejin. "Na ce wa Dogo, mutum irin Baba ba zai matsa roba don kansa ba, amma zai matsa kwaɓi don wani."

Kunya ta kama ni, ga godiya, ga kuma tsoro. Na san mijina. In ya ji cewa tausayinsa ake ji, wallahi zai hau benen nan ba zai sake saukowa ba. Na naɗe fiyus ɗin na mayar inda yake. Washegari na zo da tawa atamfar ɗaurawa, na ce wa Ƙarama ta matsa, zaman kallo ya ishe ni. Ranar ce kuma na fara cin fiza. Ba laifi, na ce musu, da yunwa ana iya ci. Na cinye yanka uku.

Wata shida cif da fara saukowarmu, wata safiya Malam ya gama sa maɓallan rigarsa da kansa, ya ce, "Jawo min akwatina daga bayan kabad."

Na dube shi. "Me za ka yi da shi?"

"Miya zan dafa."

"Malam, ai sun ce sai kayan sun iso daga…"

"Ke dai ɗauko."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, yau ga mu a ƙarshensa. Na sauko da akwatin a ka, ina addu'a a kowace matakala. Dogo na ganinmu shebur ta kusa suɓuce masa. Ƙarama ta tsaya cak da hannu cikin fulawa.

Malam ya janye zanen, ya zauna a gaban ɗan murfin, ya zaɓi sukundireba mai jan mariƙi. Da hannun dama ya ɗauka. Bakinta ya zame daga kan notin sau biyu, a na uku ya zauna. Ya murɗa, jijiyar wuyansa ta tashi, notin ya motsa. Masu shara sun iso, suka tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyoyinsu. Noti huɗu, ya fi minti ashirin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya cire murfin ya ajiye, ko leƙa ciki bai yi ba, ya miƙa tafin hannunsa baya.

"Dogo, ba ni fiyus ɗin."

"Wane fiyus, Baba?"

"Wanda ka cire. Kada ka tsaya kallon silin, ba can ka ɓoye shi ba."

Ƙarama ta dube ni, na girgiza kai da sauri, ni ban faɗa ba. Ta shiga ta ɗauko gwangwanin.

"Tun yaushe ka sani, Baba?" Dogo ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun ranar farko. Injin da ya ƙone yana da wari, wannan ƙamshin man girisi yake. Ga notin nan duk ka ci musu kai da wuƙar yanka albasa. A duk garin nan ka rasa wanda za ka yi wa ƙaryar inji sai ni?"

"To me ya hana ka faɗa?" na ce. "Wata uku ina kwana da fargaba a banza!"

Ya juyo ya dube ni. "In na faɗa, sai in gyara. Da wane hannun?"

Ya kama fiyus ɗin da yatsu biyu, ya kai shi a hankali, ya danna har ya ce ƙas. Ya ce a kunna. Injin ya yi gurnani, ƙugiyarsa ta fara juyawa cikin tumbin da babu komai. Mai wushirya ta rangaɗa guɗa har mutanen titi suka waiwayo. Dogo, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hular aikinsa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na yi ta cewa Allah ya saka muku, Allah ya saka muku, na kasa samo wata kalmar, kuma har yau ban samo wadda ta isa ba.

Malam bai kula kowa ba. Ya yafito Ƙarama, ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya kama wuyan hannunta, ya lalubo bakin bandejin da yatsun nan da likita ta ce za su sandare, ya fara warwarewa.

"Kullum ina ganinsa, 'yata," ya ce. "Na yi iya saurina. Ki yafe min, na daɗe."