Hannun Aro

"Miƙo hannun, 'yar Kano, kada jirgin ƙasa ya bar ki."

Na miƙa. Hajiya Fatouma ta naɗa mini ɗamarar awon jini a dantsen hagu, ta danna maɓalli, ta koma bakin katifa ta zauna tana kallon wayarta. Ɗamarar ta kumbura ta matse ni, sannan ta saki a hankali. Ɗari da goma sha huɗu a sama, saba'in da uku a ƙasa. Fuskar wayar ta koma kore.

"Voilà," ta ce. "Yau ma lafiyata ƙalau."

Wata na huɗu ke nan muna haka. Gidanmu hawa na uku ne a wani tsohon bene a Al Rigga, falat ɗaya da aka raba da katako zuwa ɗaki shida, duk mata. Ɗakinta na jikin nawa. Ni ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Dubai Investments Park, ina bin sawun kwantena a kwamfuta. Ita kuwa mutuniyar Damagaram ce, shekararta sittin da ɗaya, sha bakwai daga ciki a Dubai. Sana'arta rakiya: mata 'yan kasuwa su sauka daga Maraɗi ko Yamai ko Kano, ta ɗauke su ta zagaya da su kasuwar Naif, ta yi musu ciniki da Larabcinta na titi, ta kai kayan kago, wurin masu tura kaya gida.

'Yarta ɗaya, Sadia, ma'aikaciyar jinya ce a Amurka. A asibitinsu ana koya wa baƙaƙen fatar ƙasar amfani da wata manhaja ta waya don kula da hawan jini, wanda ta ce yana kashe su da wuri. Ita ta aiko wa uwarta na'urar, ta sa aka haɗa ta da wayar, yadda duk awon da aka yi a Al Rigga zai bayyana a gabanta can. Da yake komai na manhajar da Turanci yake, ni Hajiya ta riƙa kira in karanta mata.

"Me ƙawata ta ce yau?" Haka take kiran hoton wata dattijuwa mai furfura da ke murmushi a shafin farko.

"Ta ce ki yi tafiyar minti talatin a wurin shaƙatawa."

"Minti talatin. Ki ce mata ta zo ta bi ni Naif, kafin azahar sai an ɗauke ta a baro."

Kwanakin farko, da hannunta take awon, kuma kullum ja yake fitowa. Sadia ta fara kira sau biyu a rana. Ina jin su ta katako. Ta ce idan lambar ba ta sauka ba, za ta sayi tikiti, Hajiya ta tattara ta koma Damagaram ta zauna gidan ƙaninta. Hajiya ta ce ita ba a ajiye ta a tsakar gida kamar tsohon turmi ba. Aka kai ta wajen likita, aka rubuta mata ƙwayoyi. Ta sha na sati ɗaya ta daina.

"Ƙwayar nan fitsari take sa ni," ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, ko da yake mu biyu ne a ɗakin. "Ina tsakiyar ciniki, baƙi biyar a bayana, in ce su jira ni in nemi bayi? Alwala ba ta kai ni daga azahar zuwa la'asar. Shekara arba'in ina riƙe alwalata, yanzu ƙwaya za ta mai da ni jaririya."

Washegari ta ce in ara mata hannuna na rana ɗaya, don yarinyar nan ta samu ta yi barci.

Lissafin ƙididdiga na karanta a jami'a. Shekara huɗu ana koya mini abin da lambar ƙarya ke yi wa bincike. Amma matar nan ita ta tarbe ni ranar da na sauka da akwati ɗaya ban san kowa ba, ita ke ajiye mini tuwo a kula idan na dawo a gajiye. Ban taɓa ce wa babba a'a ba, ban san yadda ake fara furta shi ba. Na sunkuyar da kai na naɗe hannun riga.

Sadia ta daina kira sau biyu. Ta aiko mini da saƙon murya tana sa mini albarka, ta ce ta nuna wa abokan aikinta jadawalin Mama, sun yi mamaki. Na saurare shi a cikin jirgi sau ɗaya, ban sake buɗewa ba.

Sau da yawa na shirya maganar a raina. Ina tsaye a kicin ina wanke kofi zan jera kalmomin: Hajiya, wannan abin da muke yi ba daidai ba ne. Sai in shiga ɗakin in tarar ta zuba mini kunun gyaɗa tana fifita shi da murfi, kalmomin su watse.

Ranar wata Talata na shiga na same ta zaune, ta ɗaure goshi da ɗankwali tamau, tana matsa ƙeyarta da tafin hannu. Farin idonta na dama ya yi ja.

"Hajiya, kanki ne?"

"Shwayya, ɗan kaɗan. Sanyin na'urar ɗaki ne, ya bugi wuyana."

"Bari mu auna naki yau."

"Don ya tafi Amurka kafin in sha shayi?"

"Zan raba wayar da na'urar. Ba zai je ko'ina ba. Ni da ke kawai."

Ta dube ni, ta ga dai da gaske nake, ta miƙo hannu. Dantsenta ya fi nawa kauri, sai da na saki ɗamarar sosai. Na'urar ta yi ta hurawa, ta tsaya, ta sake hurawa. Ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ɗari da ashirin da huɗu.

"Nawa?"

Na faɗa mata. Na ce, "Mu je asibiti yanzu. Zan kira wurin aiki."

"Bon. Bayan azahar."

"Hajiya, wannan ba ya jira."

"Mata uku na Maraɗi suna otal suna jirana, jirginsu gobe da safe. Ko abaya ɗaya ba su saya ba. Amana ce, mijin ɗayarsu shi ya kira ni da kansa." Ta cire ɗamarar ta ɗora mini a cinya. "Ki mayar da haɗin. Idan ba ta ga komai ba yau za ta kira, ni kuwa kaina ba zai ɗauki Sadia ba."

Na zauna riƙe da abin. Lambar Sadia na cikin wayata, wayar na cikin jakata, jakar na kafaɗata. Hajiya ta riga ta juya tana neman takalminta a ƙarƙashin gado, tana nishi.

"Yalla, yi sauri, 'yata. Khalas, magana ta ƙare."

Na mayar da haɗin. Na naɗe hannun riga.

Ƙarfe goma sha biyu da kwata Hamissou, mai shagon kagon da take kai wa kaya, ya kira ni. Ya ce ta faɗi a wani shagon abaya, tana cikin nuna wa baƙuwa ɗinkin hannu. Motar asibiti ta ɗauke ta. Daga wurin aikina zuwa can tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Na same ta da bututu a baki, gefen fuskarta ya zube. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ya tambaya ko tana da hawan jini, na ce e. Ya tambaya ko tana shan magani, na ce ban sani ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta cika, ba ta farfaɗo ba.

Takardu sun ɗauki kwana uku, shi ya sa Sadia ta iso kafin jana'iza. Doguwa ce, ta ɗauko goshin uwarta. Bayan la'asar maza suka tafi da gawar maƙabartar da ke wajen Muhaisnah, mu kuma muka zauna a gida. Matan falat suka yi ta shigowa gaisuwa har suka gaji suka koma ɗakunansu. Mai gidan ya ce a kwashe kayan kafin ƙarshen wata, don haka Sadia ta ce mu fara, zaman banza zai haukata ta.

Muna ninke zannuwa tana magana, ba da ni ba sosai.

"Ban gane ba, Ummulkhair. Safiyar ranar ma na duba. Ɗari da sha shida. Na ce alhamdulillahi na kwanta. Ina gaya wa marasa lafiyata, ku ga mahaifiyata, a Dubai take, ba ta jin Turanci, amma ta bi abin nan ta warke. Wata tsohuwa har ta ce in gaishe ta."

Na ci gaba da ninke zanen da na riga na ninke.

Ta jawo wata jakar turare daga bayan akwati, ta zazzage a kan katifa. Kwalayen magani ne, guda biyar, Hajiya na karɓowa duk wata don Sadia kan ce ta ɗauki hoto ta tura mata. Guda ɗaya kawai aka buɗe. Sadia ta jera su, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗauki wayar uwarta ta buɗe manhajar, tana jan shafin da yatsa, kore, kore, kore.

"Ba ta shan magani," ta ce a hankali. "Mace mai shekara sittin da ɗaya, ba magani, ba ta yin wannan lambar. Na'urar ce ta lalace? Ni na zaɓe ta. Ni na aiko mata da abin da ya ruɗe mu?"

Da na yi shiru, da haka za ta tafi da shi Amurka, ta riƙe shi har ƙarshen ranta. Na ga hakan a fuskarta. Muryar da ta fito ba ta kai ta raɗa ba.

"Na'urar lafiya take, Anti. Hannuna ne."

Ba ta gane ba da farko. Na faɗa mata duka, ina kallon ledar ƙasa: alwalar, kunun, safiyar Talata, lambar da na gani da idona na bar ta ta fita. Na gama na jira ta mare ni, ko ta kira matan falat su ji. Da ta yi, da na samu sauƙi.

Ba ta yi ko ɗaya ba. A ƙasa wata mota ta yi ta hon, mai sayar da ruwa yana sauke robobi. Can ta ce, "Kina da lambata."

"Ina da ita."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba.

"Nuna mini waɗanda suke nata."

Na ja shafin baya, na wuce Mayu, na wuce Afrilu da Maris, har farkon Fabrairu. Kwana goma sha tara ne, dukkansu ja. Na mayar mata.

"Daga nan zuwa nan," na ce.

"Je ki ɗakinki, Ummulkhair."

Na tashi. A bakin ƙofa na waiwaya. Ta zame daga katifar ta zauna a ƙasa tsakanin zannuwan da ba mu gama ninkewa ba, ta riƙe wayar da hannu biyu kusa da fuskarta, tana buɗe kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Idan hasken ya dusashe, sai ta taɓa shi da yatsa ya dawo.