Sanduna Biyu da Majanyi

Zagaye bakwai Haulat Sunusi ta yi, ba goma da aka yi alkawari ba. Ta yi su ne ranar Juma'ar farko ta watan Fabrairu, a wata ƙaramar tashar jiragen ruwa da ke arewacin Doha, babban birnin Qatar, ita kaɗai cikin kwale-kwalen da iska ke turawa. Maza huɗu da ba ta taɓa gani ba kafin wannan safiya su suka saka ta a ciki, su suka fito da ita, kuma babu wanda hannunsa ya taɓa ta.

Haulat 'yar Zariya ce, shekararta ashirin da tara, tana karatun digiri na biyu. Shan inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana 'yar shekara uku. Fiye da shekara guda ke nan tana zuwa tashar duk Juma'a daga masaukinta na Al Aziziya, wurin wata ƙungiyar agaji da ke koya wa masu nakasa tuƙin irin wannan kwale-kwale. Abin da ya ba ta damar shiga ruwa wata na'ura ce da aka kafa a bakin gadar katako. Ana zura majanyi mai ƙarfi a ƙarƙashin mutum, a maƙala madaukansa huɗu, na'urar ta ɗaga shi daga kan keken guragu ta sauke shi cikin jirgi. Idan na'urar ta yi gardama, mazan ƙungiyar ba sa damuwa, a hannu ake ɗaukarsu. Haulat ta faɗa tun ranar farko cewa namiji ba zai rungume ta ya ɗauka ba, kuma ba ta canza magana ba. Mata biyar ne masu wannan ra'ayi a ƙungiyar.

Na'urar ta tsufa. Wani kamfanin jigilar kaya ya yi alkawarin sayen sabuwa, da sharaɗi ɗaya: ɗaya daga cikin matan ta zagaya jan ƙwallon alama da aka ɗaure a tsakiyar ruwa sau goma, a gaban wakiliyarsu da mai ɗaukar hoto, kafin a rufe tashar ƙarfe goma sha ɗaya saboda sallar Juma'a. Matan suka zaɓi Haulat.

Ƙarfe takwas daidai Dramani, mutumin Ghana da ke kula da jiragen ƙungiyar, ya danna maɓallin don gwaji. Na'urar ta yi gurnani, ta ɗaga majanyin da babu kowa a ciki kamar kamu ɗaya, ta tsaya. Ya sake dannawa. Ya buɗe akwatin batir, ya busa, ya rufe. Wari ya tashi kamar na roba da ta ƙone.

"Khalas," in ji shi. "Ta mutu."

"Yau ta ga damar mutuwa?" in ji Safiyatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kumasi da ke taimaka wa matan kyauta. Ta dubi Haulat, ta dubi jirgin da ke ƙasa da gadar. "Ni kaɗai ba zan iya ba, ƙanwata. Bayana ba na ƙarfe ba ne. Mu biyu za mu faɗa ruwa."

Wakiliyar kamfanin tana zaune a ƙarƙashin laima tana duba agogo. Dramani ya tsuguna kusa da keken Haulat, ya rage murya.

"Ni da mutum ɗaya mu ɗauke ki, minti ɗaya. Kowa zai juya baya. Lalura ce."

"Na sani, Malam Dramani. Na gode." Ta gyara igiyar rigar ceton da ke ƙirjinta. "Amma idan na yarda yau, gobe za a ce wa sauran, ai Haulat ma an ɗauke ta, me za a yi da sabuwar na'ura?"

Dramani ya miƙe. Ya koma ya ci gaba da bugun akwatin batir da tafin hannu.

Ƙarfe tara saura kwata wata ƙaramar bas ta tsaya a bakin ƙofa. Maza huɗu suka sauko cikin manyan kaya na Juma'a, da huluna. Na gaba dattijo ne mai furfura a gemu, riƙe da ledar dabino. Na bayansa na rungume da gorar ruwan zamzam. Suka zo har bakin gadar a jere, fuskokinsu a sunkuye irin na masu zuwa dubiya.

"Salamu alaikum. Ke ce Haulat?" in ji dattijon. "Sannu, 'yata. Ya jikin?"

"Lafiyata ƙalau, Baba."

"Haka ake so. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ne Tanko, daga unguwar Mansura muke. Wannan Auta, wannan Ɗayyabu, wancan Masahudu. Duk gadi muke yi." Ya waiwaya hagu da dama. "To, ina asibitin?"

Sai da aka ɗan yi tambayoyi kafin maganar ta fito. Haulat ta tura sanarwar ƙungiyar zuwa zauren WhatsApp na ɗalibai. Wani ya ɗauki hotonta kawai ya tura zauren 'yan Arewa na Mansura, ya rubuta a ƙasa cewa 'yar'uwa ce, a taimaka, ga wuri ga lokaci. Su kuwa da suka ga mace a kan keken guragu a ƙasar da ba tata ba, ba su tambayi komai ba. Suka sauka daga aiki, suka yi wanka, suka ɗauki hayar mota.

"Wato ba ciwo?" in ji Auta, wanda ya fi su ƙuruciya. "Wasan ruwa za ki yi?"

"Tuƙi zan yi."

"Ke kaɗai? A cikin wannan ƙwaryar?" Ya leƙa jirgin. "Baba Tanko, mu da muka zo da ƙafafunmu biyu ma ba mu isa ba."

"Rufe mana baki," in ji Tanko. Amma shi ma yana kallon ruwan kamar wanda aka nuna wa kura.

Safiyatu ce ta yi musu bayanin na'urar, da sharaɗin kamfanin, da dalilin da ya sa Haulat take zaune har yanzu a kan gada. Tanko ya saurara har ƙarshe. Bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi tsauri ba. Ya ajiye ledar dabinon, ya je ya kama majanyin, ya ja madaukansa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan zai ɗauki mutum?"

"Zai ɗauki biyu," in ji Dramani.

"Kana da sanduna? Dogaye, masu ƙarfi, guda biyu."

Dramani ya shiga rumbun kaya ya fito da sandunan ƙarfe biyu da ake ɗaura ƙyallen da ke kama wa jirgi iska a jikinsu. Tanko ya zura kowace sanda cikin madauki biyu. Ya nuna wani lungu inda gadoji biyu suka yi kusa da juna, ruwa a tsakani.

"Kawo jirgin nan. Biyu su bi wannan gefe, biyu wancan. Ita tana tsakiya, a sama. Mu taka tare, mu durƙusa tare."

"Kun taɓa yin haka?" in ji Dramani.

"Duk wanda ya girma a garinmu ya ɗauki makara," in ji Tanko. "Ba a girgiza ta, ba a karkata ta."

Masahudu ya sunkuyar da kai. Haulat ce ta fara dariya.

"Baba, ku dai tuna wannan gawar tana jin ku. Kuma tana da baki."

Dramani bai yarda ba sai da aka gwada. Aka fara da buhunan yashi biyu, sannan shi da kansa ya zauna cikin majanyin suka kai shi suka dawo da shi. A gwajin farko Auta ya riga sauran durƙusawa, buhu ɗaya ya zame ya faɗa ruwa. Tanko ya sauya masa wuri da Ɗayyabu, domin tsayinsu ya daidaita. Duk wannan ya ci kusan awa guda. Wakiliyar kamfanin ta baro laimarta ta zo ta tsaya kusa.

Ƙarfe goma saura kwata Safiyatu ta gyara majanyin a ƙarƙashin Haulat, ta lulluɓe mata ƙafafu da zani, ta ja da baya. Mazan suka tuɓe takalma, suka naɗe hannayen riga, suka saɓa sandunan a kafaɗa.

"Bismillah. Ƙafar dama," in ji Tanko.

Keken ya rage babu kowa. Haulat ta ga katako ya wuce a ƙarƙashinta, sannan koren ruwa, sannan kujerar jirgi. Babu wanda ya kalle ta. Kowa idonsa na kan ƙeyar na gabansa ko kan katakon da zai taka. Suka durƙusa a hankali har ta ji kujera a bayanta. Na'urar ma ba ta taɓa sauke ta da irin wannan natsuwa ba.

"Yalla, a tafi!" in ji Dramani, ya kwance igiya.

Iskar safiyar ta riga ta fara raguwa. Zagaye huɗu na farko sun tafi da sauri, jirgin na jingina gefe guda, ruwa na fantsama a fuskarta. Daga gada tana jin muryar Auta yana ƙirga da ƙarfi kamar mai kallon dambe. A na shida ƙyallen ya fara lanƙwashewa. A na bakwai sai da ta yi ta neman iska hagu da dama kafin ta kewaye jan ƙwallon. Tana juyowa aka busa usur na rufe tasha.

Direban bas ɗin ya yi ta danna ham tun goma da rabi, daga baya ya tafi. Mazan ba su motsa ba, domin wanda ya saka ta shi zai fitar. Suka sake saɓa sandunan, suka mayar da ita kan kekenta.

"Baba, kun rasa mota saboda ni."

"Akwai jirgin ƙasa na Metro. Huɗuba kawai za mu rasa, in Allah ya so." Tanko ya ɗauko ledar dabinon ya ɗora mata a cinya, ya ajiye gorar zamzam a gefen keken. Ya zaro ambulan daga aljihu. "Wannan na magani ne muka haɗa. Tunda babu ciwo, a sa a na'ura."

Haulat ta karɓi ambulan ɗin. Ta riƙe ledar da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri. Allah ya mayar da ku gida lafiya."

"Amin. Juma'a mai zuwa ƙarfe nawa?"

"Ba sai kun..."

"Ƙarfe nawa, 'yata? Ba ke kaɗai ba ce, an ce ku biyar ne."

"Takwas," in ji Safiyatu.

Auta ya tsaya yana ɗaura takalmi, yana satar kallon jirgin. "Masu ƙafa fa, ana koya musu?" ya tambayi Dramani a hankali, don kada Tanko ya ji.

Wakiliyar kamfanin ta gaisa da Haulat, ta ce abin da ta gani ya burge ta. Ta ce sharaɗin da aka rubuta goma ne, ita ba ta da ikon canza shi, amma za ta kai hotunan gaban manyanta ranar Lahadi.

Juma'ar da ta biyo baya maza shida suka zo daga Mansura, mata uku suka shiga ruwa. Dramani ya yi wa sandunan biyu fenti, ya rataye su kusa da majanyin. Har zuwa wannan rana kamfanin bai aiko da amsa ba.